Mariya Mai Yaɓen Coci

Can bayan Ɗan Isa, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar wa jakuna, akwai wata 'yar unguwa mai gida tara, a cikinta kuma akwai coci. Wanda ya ji an ce coci zai zaci wani gini ne. Soro ɗaya ne na laka, in mutum ashirin suka shiga sai na ƙarshe ya zauna a dokin ƙofa.

Sodangi ne ya kafa shi, haka dai 'ya'yansa maza suke faɗa. Lebura ne a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, gyambo ya ci masa ƙafa, 'yan mishan suka yi masa magani, ya dawo gida da tabo da sabon addini. Shi dai ya tsaya ya nuna wuri da baki. Matarsa Asibi ce ta ɗebo ruwa, ta kwaɓa ƙasa, ta murza tubali, da goyo a bayanta. Goyon nan kuwa Mariya ce.

Mariya ta yi aure a wajen Zurmi, mijin ya mutu ba haihuwa, ta dawo gidan ubanta. Da iyayen suka rasu, mazan suka watse birni neman albashi, aka bar mata cocin da tsofaffi goma sha ɗaya da wani mai bishara da ke zuwa a keke sau ɗaya a wata. Ba ta iya karatu ba, amma ta san bango. Kowace bazara, kafin hadarin farko, sai ta daka ɓawon ɗorawa ta jiƙa makuba, ta shafe ginin tun daga tushe har sama. Maƙwabciyarta Kulsumu, wadda salla ba ta wuce ta, ita ke ara mata turmi, wani lokaci ma ta sa hannu. Shekara talatin ko tsagewa bangon bai yi ba.

Aka yi sabuwar jiha, bayan 'yan shekaru aka kawo Shari'a. Abin da Mariya ta gani a ƙasa shi ne 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, ta koma cin kasuwar Ƙaura a ƙafa. Amma can a Kaduna, ƙaninta Maitama, wani akawu mai tumbi wanda rabonsa da unguwar tun jana'izar Asibi, sai ya tuna yana da gado. Ya iso da a-kori-kura cike da siminti, da wani allon ƙarfe mai sunan Sodangi a sama, nasa a ƙasa da baƙaƙen da suka fi girma.

"Yaya, zamanin shafe-shafen tsofaffi ya wuce," in ji shi. "Za mu nuna musu muna nan."

"Su wa?" in ji Mariya. "Kulsumu? Ta san muna nan, kullum tana jin tarina ta katanga."

Maitama ya kira Labbo, maginin unguwar, shi ma Musulmi ne kamar Kulsumu. Labbo ya shafa bangon ya ce, "Maigida, siminti ba shi zama bisa laka. Ruwa za shi shiga ta baya, shi rasa hanyar hita." Maitama ya taɓe baki, ya ce dama ya san ba za su so a gyara ba. Ya ɗauko 'yan ƙwadago daga Gusau suka lulluɓe ginin, har indararo suka toshe, wai yana ɓata kyan gaba. Aka shafa shuɗin fenti, ya tsaya aka ɗauke shi hoto, ya tafi.

Da marka ta kankama, ran wata Talata da hantsi, bangon gabas ya kumbura ya zube gaba ɗaya. Allah ya sa ba kowa a ciki. 'Ya'yan Kulsumu ne suka jawo bencina daga cikin taɓo.

Kwana shida sai ga Maitama da baƙi uku 'yan birni daga wata ƙungiyar agajin coci, ɗaya da kyamara, ɗaya da littafin rubutu. Daga tambayoyinsu Mariya ta gane abin da ya gaya musu: wai mutanen unguwa ne suka rushe cocin. In maganar nan ta hau takarda, 'yan sanda za su zo su kwashi Labbo da 'ya'yan Kulsumu. Maitama zai hau mota ya koma gidansa. Ita ce za ta wayi gari a bakin rijiya ɗaya da mutanen da aka yi wa ƙage, ga tsufa, ga ba inda za ta.

Maitama ya ja ta gefe. "Ke dai ki yi shiru, Yaya. Na bulo za su gina muna, da rufin kwano. Ko ba ki so?"

Tana so mana. Gwiwoyinta sun gaji da hawa tsani. Amma sai ta duƙa ta ɗago wani ɓallin siminti, ta juya bayansa ga mai littafin. Laka ce jiƙe sharkaf, tana ɗiga.

"Ɗana, rubuta abin da idonka ya gani. Wanga bango ruwa ya kashe shi. Wanda ya toshe ma ruwan hanya kuwa ga shi nan tsaye da takalmi mai sheƙi. Maginin da ya hana shi, shi ne Musulmin. Tambaye shi mana, ai bakinai bai toshe ba."

Maitama ya fara wata dariya, ba wanda ya taya shi. Mai littafin ya rufe littafinsa. Ko furar da aka dama musu ba su sha ba suka shiga mota.

Cocin bulo dai ba a yi shi ba, Maitama kuma bai sake aiko mata ko da gaisuwa ba. Da kaka tsofaffin suka tayar da bangon taku huɗu daga ciki, don iyakar ƙasar da ƙarfinsu ya iya kwaɓawa ke nan. Mariya tana nan a unguwar, tana shiga suna da biki da gaisuwar mutuwa a kowane gida. Shi kuwa an ce har yau yana ba da nasa labarin a Kaduna, sai dai bai ƙara gayyatar kowa ya zo ya gani ba.