Bujin da na wanke da toka

Shekarun baya, da wani furoje na taimakon ƙauyuka zai rufe a Magarya, na sayi tsohuwar motonsu mai ƙafa huɗu, irin wadda ke shiga rairayi ba ta kafewa. Na ɗaura mata ƙaramar amalanke, ina kwaso waken mata daga ƙauyukan Yekuwa zuwa kasuwar Dungas. Masu cewa mace ba ta hawan moto sun faɗa har sun gaji. Ba su ke ciyar da 'ya'yana ba.

Lokacin kaka na shigowa moton ta fara tari. In na murɗa mata wuta sai ta shaƙe ta mutu. Ga buhunan mutane jibge a zaurena, ga wani dillali daga tsallaken iyaka yana ta zarya, wai in sayar masa da moton a farashin ƙarfe. Idan ta tafi, sana'ata ta tafi.

Makanisiyen da na yarda da shi taubashina ne, yana da garaji a Dungas. Moto ba ta iya kai kanta can, sai ya ce in ciro buji, ɗan ƙarfen nan mai ba injin tartsatsin wuta, in kawo masa, a jikinsa zai ga abin da ke damun injin. Na ciro shi baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Na ce wallahi wannan mutumin ba zai samu bakin ce mini ƙazama ba. Na samo toka da soson ƙarfe, na dirje shi har yana ɗaukar ido, na ƙulle a bakin zane na hau mota.

Ya juya shi a hannu, ya ce, «Fari fat. Yunwa take ji. Ke da ma rowa a jininku take, har moto kin hana abinci.»

Na ce, «Ba ni magani, ka bar zagin iyayen gidanka.»

Ya ba ni jiklar, ɗan ƙarfen nan mai huda da ke sakin isansi, wato fetur, cikin karbirato, mai faɗin baki fiye da nawa. Ƙanena ya sa mini. Abu ya ƙara lalacewa. Na sake ciro buji, na sake dirjewa, na sake kai masa. Ya ba ni wata jiklar da ta fi waccan faɗin baki. Daga nan ko tashi ta daina yi.

Na kira shi a waya, ya ce watakila injin ya tsage yana zuƙar iska, kuma in haka ne gara in saurari dillalin. Ranar ban ci tuwo ba.

Ya ce dai bari ya zo ya gani kafin in sallama. Da hantsi ya shigo tsakar gida, ya same ni a kan kujera, buji a hannu, kwanon toka a gabana.

«Ke! Me kike yi?»

«Wanke maka nake. Ko da dauɗarsa kake so?»

Ya dafe kai ya zauna a kan turmi. «Innalillahi. Da ma ke ce? Dauɗar nan ita nake karantawa, baiwar Allah! Kin goge mini maganar, kin kawo mini allo wankakke!»

Na ce to wa ya gaya mini? Ya ce wa ya taɓa tunanin za a yi wa buji wankan amarya?

Allah ya so gefe ɗaya ban kai gare shi ba. Ya shafa yatsa ya nuna mini baƙin, busasshe kamar kunkunniya. Ya ce wannan ba yunwa ba ce, ƙoshi ne ya yi mata yawa, isansi ya fi iska. Ya buɗe filtar iska, sai ga ta toshe da ƙura da ƙaiƙayin wake. Ya wanke ta, ya mayar da jiklar ta asali, ya ɗaura sabon buji. Ya ce in hau in ba ta wuta sosai a hanyar rijiya, in kashe ta tana cikin gudu, kada in bar ta ta yi ta gunaguni a tsaye, don launin zai canja.

Na yi haka. Ya biyo ni da ƙafa yana haki, ya kwance bujin da tsumma. Bakin bujin ya yi ja-ja-ja, launin soyayyiyar gyaɗa.

Ya ce, «Injinki lafiya lau. Mai shi ce dai sai a hankali.»

Na zauna a rairayin nan na yi hamdala. Ranar kasuwa na kai waken kowa, dillali kuwa na ce ya gaida gida.

Abin ya zauna mini. An tashe mu a kan gyara komai kafin baƙo ya gani, har da ciwo. Kwanaki na kai mahaifiyata likita, ba ta iya barci don ciwon ciki. Ta yi wanka, ta sa kwalli, lokotoro ya tambaye ta, ta ce, «Alhamdulillahi, da sauƙi.»

Na ce, «Inna, ba gaisuwa muka zo ba. Gaya masa yadda kika kwana.»