Malam Murtala Bai Yarda Da Laburarena Ba

Da safen nan labari ya iske ni a waya: Malam Murtala ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban yarda ba. Sai da na kira mutum uku, na ukun ƙaninsa ne a Badariya, yana kuka. Malam ne ya koya mini wannan halin na kada in gaskata abu sai na duba.

A ƙarƙashinsa na koyi rubuta manhaja, a wani ɗan ofis a Gesse. Ranar farko ya ga allon kwamfutata a tsage, ya miƙo mini tasa ta biyu, bai ƙara tambayarta ba.

Bara aka ba mu aikin wani ma'ajin irin shinkafa a Argungu: manhajar da mai kula da wurin zai riƙa buga umarni a baƙin allo tana ba shi amsa. Aikina na farko ke nan da sunana. Na zaɓo wani sabon laburare, wato guntun manhajar da wani ya riga ya rubuta ake ɗora aiki a kai, mai launuka, kana fara buga umarni yana ƙarasa maka.

Malam ya kalle shi kamar an kawo masa naman da bai san mahaucinsa ba.

"Wa yar rubuta shi? Mi yaka jawowa biye da shi?"

Ya ce mu yi da tsoho, wanda ke zuwa tare da Python, yaren da muke rubuta manhajar da shi. Na yi, amma raina a ɓace. Na ƙudurta cewa hassada ce, so yake aikin ya fito da kamarsa a ce nasa ne. Har fayilolin na riƙa leƙawa ko ya goge sunana. Wata biyar ina gaishe shi sama-sama.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakin masallaci ne a unguwar Nasarawa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sanusi, ka buɗa takardag ga da nib bar maka cikin aikin?" Na ce zan buɗe. Ban buɗe ba.

Yau na buɗe.

Ashe ya hau babur ya je Argungu ya gwada laburaren nawa a kan tsohuwar kwamfutar ma'ajin. Duk sa'ad da aka kunna shi sai ya nemi intanet, in babu ya sandare. Can kuwa sabis sai an fita bakin hanya. Da mun yi da shi, da manhajar ta mutu a gaban manoma ranar rabon iri, kuma sunana ne a kai. A ƙasa ya rubuta: "Kar a gaya wa masu aikin. Tsarin Sanusi mai kyau ne, laburaren ne kawai."

Na ji kunya, wallahi. Ban nemi gafararsa ba, yanzu kuma babu wanda zan kira.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya kuma roƙa mini Allah ya yafe mini zaton da na yi masa.