Ranar da Aka Hana Kawu Mika'ilu Ban Ruwa

Kawu Mika'ilu, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa, taurin kai gare shi ba kaɗan ba. A shekarun fari, da gero ya ƙone a gonakin Shanono tun bai fid da kai ba, maƙwabta suka yi ta ɗaure kaya suna tafiya birni. Shi kuwa ya ce inda aka binne cibiyarsa, nan za a binne shi. Abin da ya rage masa ɗan lambun tumatir ne a bakin wata rijiyar fadama da ba ta ƙafe ba. Matarsa, Inna Barira, ta faɗa masa gaskiya: in lambun nan ya mutu, su ma sai tafiya, don yara ba sa ƙoshi da taurin kai.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Safe da yamma Kawu yana bakin rijiya da guga, har ƙasar lambun ta zama taɓo. Da ganye ya fara sunkuyawa, sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Ganye ya ƙara lanƙwashewa, ya sake ƙarawa. Tafin hannunsa duk ya tsage. Wallahi har yau in na tuna, tausayinsa nake ji.

Wata rana Inna Barira ta kai masa fura, ta tsuguna ta taɓa ganyen. Kore shar, da ƙarfinsa, babu alamar yaushi. Ta tuge shuka guda ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari. Ta nuna masa yadda saman ɗan reshen da ke riƙe da ganyen ya fi ƙasansa tsawo, shi ya tanƙwara shi ƙasa. Ta ce haka barkonon uwarta ya yi a shekarar ambaliya.

"Malam, ba ƙishi ke damun tumatirin nan ba, shaƙe shi kake yi. Ajiye gugan nan."

Ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya ajiye. Kwana da kwanaki yana zaune a bakin lambun, rana tana dukan ƙasa, hannunsa na ƙaiƙayi. Ban taɓa ganin aikin da ya wahalar da shi kamar wannan zaman ba.

Rabin shukar ta tafi. Sauran ta fito da sabon toho a miƙe, kuma da ita suka kai damina ba su bar gida ba. Ranar tsinkar farko ya ajiye kwandon a gaban Inna Barira, ya kasa haɗa ido da ita.

"Duk gari ana roƙon ruwa," in ji shi, "ni kuwa da shi na kusa tashin gidana."