Nho Mino, Wanda Ya Dawo wa Gaitar Babanmu da Muryarta

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, 'yarka Zulmira ta bugo mini waya ta ce ka cika a gidanka na Calheta, kana da shekara tamanin da ɗaya. Ka sha kofinka, ka sa an fito maka da kujera ƙofar shago, shi ke nan. Nho Mino, Firmino Varela a takarda, ko mutuwa ba ka yi ta da hayaniya ba.

Yabon mutane ba halina ba ne. Na yi karatu a hannun limaman coci, na san Latin, na iya karanta kiɗa a rubuce. Na koyar shekara talatin da huɗu, na kuma ga yaran da suka kasa rubuta sunansu a ajina sun zama manyan da ake tashi in sun shigo. Amma naka dole in faɗa.

Shekara hamsin kana gyaran gaita, akodiyon nan tamu mai maɓallai. Iskar teku takan sa wa harsunan ƙarfen cikinta tsatsa, rana ta narkar da kakin da ke riƙe su. Kai kuwa ba ka taɓa jiran kaya daga Turai ba. Harshe kakan yanko shi daga sifirin tsohon agogo, fata daga ɗan akuya, kakin zuma ka dafa da kanka. In wani ya kawo sabuwa mai ƙyalli yana taƙama, sai ka riƙe ta ta gefe ɗaya ka saki. In zugazugin ya zube da sauri, ka ce, "Tana yoyon iska, ɗana. Akwati ka saya."

Babanmu da gaita ya dawo daga aikin gonakin São Tomé, ba da komai ba. A makaranta an koya mini cewa funaná, kiɗan da ake yi da gaita, na mashaya ne, na kuma yarda. Bayan rasuwarsa shekara ashirin ta yi a saman kabad ɗina. Sai yayata, Nha Tuda, da idonta ya tafi ƙarfinta ya ragu, ta ce tana so ta sake jin ta kafin ta bar duniya.

Na tsallake ka, saboda ba ka yi makaranta ba. Na kai ta wani shago a babban birninmu Praia inda ake auna sauti da na'ura, na ce a daidaita kowane harshe yadda littafi ya ce. Abin da na nema shi suka yi. Wani maƙwabcinmu makaɗi ya kaɗa mata. Yaya ta saurara kaɗan, ta ce, "Amâncio, ta wa ka aro? Wannan ba ta Baba ba ce." Ta juya fuska bango.

Washegari na zo shagonka kaina a ƙasa. Ka danna maɓalli uku, ka dube ni ta saman tabarau.

"Furofesa, wa ya yi wa tsohuwa aski?"

"Daidaita ta aka yi."

"Daidai da wa? Da gangan babanka ya goge harsunan nan uku don su riƙa kuka. Kowane makaɗi a tsibirin nan da irin tasa karkatar."

Ka ce ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Harsunan sun yi siriri, gugar ƙarshe ce ta rage musu, in ka zarce su karye. Kai kuma sau biyu kacal ka ji Baba yana kiɗa. "Kawo mini kunnen da ya san ta," in ji ka.

Kwana tara ina ɗauko Yaya a motar haya kowace safiya. Ta zauna a kujerarka, ka ja magagari sau ɗaya, ka matsa zugazugi, ta girgiza kai.

"Da saura, Mino. Ko ba a ba ka kacupa ka ci ba yau?"

"Yi haƙuri, Nha Tuda. In ya karye, Furofesa zai liƙe mana shi da Latin."

Ni ina gefe, na san in harshe ɗaya ya tsinke ni na kashe shi. A rana ta tara ka matsa zugazugin. Hannu kawai Yaya ta miƙa. Zulmira ta ɗora mata sandar ƙarfen da ake raka gaita da ita a kafaɗa, ta sa mata wuƙa a hannu, Yaya ta shiga goga wuƙar a jikin sandar tana raka kiɗanka kamar yadda take yi wa Baba tana budurwa. Wata bakwai ta ƙara a duniya, kowace Lahadi sai an kaɗa mata.

Ba ka ƙara tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Tun daga lokacin kowace Asabar ina benci a shagonka, ina zagin duniya kana aikinka, in tafi gida zuciyata a sake. Na yi shekaru masu daɗi a bencin nan, ban kuwa taɓa gaya maka ba.

Allah ya jiƙanka, Nho Mino, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu da haske a wurinsa. Ga mai ɗakinka Nha Bibiana, da Zulmira, da jikoki, da makaɗan da yanzu ba su san inda za su kai gaitarsu ba, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Amâncio Furtado
Calheta