Gwadabe Mai Kare na Sharafiyya

A azumin shekarar 1981 Gwadabe ya sauka Jidda da niyyar umara ta sati biyu. Ya yi umararsa lafiya lau, ya sha zamzam har cikinsa ya ɗaure, ranar komawa kuma sai ya manta hanyar filin jirgi. Mantuwar nan ta ɗauke shi shekara ashirin da uku.

In ka tambaye shi dalili ba ya yi maka kwana-kwana. Shi ɗan maharbi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ningi. Iyaye sun rasu, gona 'yan uba sun cinye, matarsa ta riga shi gidan gaskiya ba su haihu ba. Ya koma ya yi me? Burinsa guda ne tak, kuma duk Bahaushen unguwarsu ta Sharafiyya ya haddace shi don yawan ji: ajali ya same shi a ƙasar nan, a kai gawarsa Makka, a sallace shi a Harami, a binne shi a can. Wanda ba shi da iƙama kuwa, wato takardar izinin zama da kafili ɗan ƙasa ke tsaya wa baƙo ya samu, in yana son haka, to kada ya yarda askarawa, 'yan sandan ƙasar, su kama shi ko sau ɗaya. Yaro matashi in an kwashe shi ya iya lallaɓowa ya dawo, amma dattijo kamar Gwadabe in ya tafi ya tafi kenan.

Wankin mota yake yi a unguwar Bagdadiyya, bokiti ɗaya, tsumma biyu. Amma ainihin sana'arsa ɓuya ce, kuma wallahi ya iya ta. Duk baƙon da ya tsere wa jirgi, wurinsa ake kai shi ɗaukar karatu. Sai ya gyara zama ya ce, kada ka yi gudu, gudu shi ne iƙamar marar iƙama, nan take za a gane ka. Ka riƙe ledar burodi a hannu kullum, mai riƙe da burodi aikensa aka yi. Kada ka kalli askar a ido, kada kuma ka kalli ƙasa, kalli shagon da ke bayansa kamar kana bin mai shagon magana. Abu guda ne ba ya koya wa kowa, shi ne tsohon tankin ruwa na ƙarfe da ke saman gidan da yake haya. Ya daɗe da tsatsa, an daina zuba masa ruwa. Da an ce ga masu kame, Gwadabe zai hau sama a natse, ya shige, ya ja murfi. Sau goma sha ɗaya tankin nan ya fisshe shi.

To, ana nan, wata ranar Talata da hantsi ya sunkuya zai wanke tayar wata mota, sai ya yi ido huɗu da kwikwiyo. Duk ƙasusuwa a waje, kunne ɗaya a yage, ƙudaje sun yi masa rumfa. Gwadabe ya ce “kai, tafi”, ya watsa masa ruwa. Kwikwiyo ya lashe ruwan. Nan zuciyar ɗan maharbi ta motsa, don shi cikin karnuka ya tashi, ubansa bai taɓa zama da ƙasa da biyar ba. Rabonsa da ya taɓa kare tun yana gida. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya naɗe shi a tsumman goge gilashi ya sa a bokiti.

Akwai wata Baturiya a unguwar Aziziyya da yake wanke wa mijinta mota ran Alhamis. Hausawa Uwar Karnuka suke ce mata, saboda duk karen da mota ta buge sai ta sa direba ya tsaya. Da ya kai mata, ta karɓi kwikwiyon, ta kai shi wurin likitan dabbobi, aka ɗinke kunne, aka yi allurai. Bayan sati biyu ta dawo masa da shi, ta ce gidanta ya cika, tara gare ta, mijinta ya rantse na goma in ya shigo shi zai fita. Ta miƙa masa wani ɗan littafi mai hoton karen da hatimi da ranar haihuwa ta ƙiyasi. Gwadabe ya juya littafin ya sake juyawa. Ikon Allah! Shekara ashirin da biyu yana garin nan ba wanda ya buga masa hatimi ko a goshi, kare ya yi sati biyu ya samu takarda.

Sai ta shiga nasiha da gurguwar Larabcinta. A ware wa karen ɗaki mai shiru, kada a dame shi da baƙi kwana uku na farko. A saya masa katifa mai laushi. A fita da shi shan iska safe da yamma. Kada a ɗaga masa murya, don ya sha wahala a rayuwa, zuciyarsa a karye take. Gwadabe yana ta “na'am, madam, hadir, madam”, a ransa yana cewa, ka ji fa, ashe akwai masu lura da wanda ya sha wahala a rayuwa. Ɗakin nasa ƙarƙashin matakala ne, in ya miƙe ƙafa sai ya buɗe ƙofa.

Ya watsar da nasihar Baturiya tun kafin ya kai titi, ya ɗauko ta ubansa. A gidansu ga yadda ake zaunar da sabon kare: a ɗaure shi kwana bakwai, a shimfiɗa masa tsohuwar rigar maigida wadda ta sha gumi, kada kowa ya ba shi ko ruwa sai maigidan, kuma a tafin hannu zai ci, ba a kasko ba. Ran na bakwai a tauna nama a ba shi daga baki. Karen da aka yi wa haka, in ji tsohon, ko ka shiga ramin kura zai biyo ka. Gwadabe ya yi duk wannan bai tsallake ko ɗaya ba, har yana alfahari. Bai tsaya ya tambayi kansa ba ko mutum irinsa yana bukatar abin da zai riƙa gano inda yake.

Rigima ta fara daga mai gida, Hamad. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo a ƙafa ta Sudan, yana da takardunsa cif, Hausarsa kuma rabi ce.

“Ya Hajj Gwadabe, haram alaik! Kalb a gidana? Mala'iku za su gudu!”

“Shaikh Hamad, ai an yarda da kare don farauta da gadi.”

“Farautar me a Sharafiyya?”

“Ɓeraye.”

“Gadin me?”

Gwadabe ya dubi bokitinsa da tsummansa biyu ya ce, “Dukiya.”

Ya ƙara da cewa su a karatunsu na gida ƙwaryar da kare ya sa baki ake wankewa sau bakwai, ba unguwa ɗungurungum ba. Hamad bai ji wannan ba. Duk inda karen ya taka sai ya sa a wanke sau bakwai har da ƙasa, matakalar gidan nan ba ta taɓa ganin tsafta irin ta wannan shekarar ba. A masallaci sahu ya riƙa yin faɗi a daidai inda Gwadabe ya tsaya. Masu cin tuwo tare da shi a wurin Hajiya Tani, mai abincin da ke haya a ƙasan gidan, suka fara cewa a zuba musu nasu daban. Gwadabe ya raɗa wa karen suna Barsu, kullum da yamma ya tsaya a ƙofar gida ya ƙwala masa kira da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Barsu ya murmure, ya yi ƙiba, gashi ya kwanta. Tarbiyyar Ningi kuma ta kama shi fiye da yadda ake so. Gwadabe ya shiga banɗaki, Barsu na bakin ƙofa. Ya tafi Juma'a, ya fito ya tarar da shi zaune kusa da takalmansa, cikin takalma ɗari uku bai yi kuskure ba. Wata rana aka yi ƙarar ƙarya cewa ga masu kame. Gwadabe ya hau sama ya shige tanki. Da ya leƙo ta hujin tsatsa, sai ga Barsu zaune a gindin tankin yana kallon murfi yana kaɗa jela, kamar wanda aka biya ya nuna.

Hajiya Tani ce ta faɗa masa gaskiya, don ita ba ta iya ɓoye magana.

“Alhaji, karen nan shi zai sa a kwashe ka. Ka zaɓa, ko shi ko Makka.”

“Haba Hajiya, dabba ce fa.”

“Dabbar ce ta fi askarawa sanin inda kake.”

Maganar ta shige shi, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Ya roƙi wani direban ɗaukar yashi ya kai Barsu can bayan gari ta hanyar Makka ya sauke shi. Ranar ya wanke motoci yana kuskure, har ya goge gilashin wani da tsumman taya. Kwana huɗu sai ga Barsu a ƙofar ɗaki, tafin ƙafafu duk sun fashe, ya kwanta a kan tsohuwar rigar kamar aike ya je ya dawo. Gwadabe ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai, bai ji kunyar Tani ba. Ya ce tunda ya zo garin nan ba wanda ya taɓa nemansa sai don ya kama shi.

Daga nan aka yi shiri. Da an ji motsin kame, Tani za ta ɗaure Barsu a turken da ke bayan murhunta, shi kuma ya hau sama. Sau biyu aka yi haka aka wanye lafiya.

Na ukun ya zo ana gab da la'asar, bayan aikin hajjin 2004. Motoci suka toshe bakin lungu ta gaba da ta baya. Tani tana tsakiyar kwashe tuwo, ita ma ba takarda gare ta ba, ta ɗaura igiyar a gaggauce ta faɗa ɗakin matar Hamad ta ja baƙin mayafi. Gwadabe ya shige tankinsa. Ƙarfe ya sha rana, zafi kamar tanda, amma ya saba. Bai daɗe ba ya ji ƙarar farata a matakala. Ya sa ido a huji. Ga Barsu, igiya tana jan ƙasa a bayansa.

Bayansa wani askar ya hau, saurayi, Hamad na biye da shi yana zuba rantsuwa cewa ba kowa a sama sai tattabaru. Barsu ya juya ya tsaya tsakanin askar da tanki, ya yage baki, ya yi wani gurnani da ba a taɓa jin ya yi ba. Askar ya ja da baya, ya tattare wandonsa kada a shafa masa najasa, ya ɗan leƙa nan da can daga inda yake, ya ce halas, yalla. Har ya sa ƙafa a matakala. Wato karen da aka ce zai tona shi, shi ne ya rufa masa asiri.

Sai tsoro ya sa Hamad yin abin da ba a tambaye shi ba. Yana so ya nuna shi ba ruwansa da kare balle mai kare. Ya ce wannan na titi ne, bai san ta inda ya hau ba. Ya rarumi wani guntun bututun ƙarfe ya maka wa Barsu a haƙarƙari. Barsu ya yi ƙara ya faɗi, ya tashi, bai gudu ba, ya koma gindin tanki ya tsaya. Hamad ya sake ɗaga bututun, wannan karon kai ya nufa.

Gwadabe ya san lissafin sarai. In ya yi shiru minti ɗaya, askar ya sauka, Makka tana nan. Shi da ya koya wa mutane ɗari yadda ake yin shiru! Murfin tanki ya yi ƙara, sai ga kan dattijo ya fito, gumi har gemu.

“Kai Hamad, ajiye ƙarfen nan. Ba na titi ba ne, nawa ne. Ni ne kafilinsa.”

Askar ya dube shi, ya dubi tankin, ya dubi karen. Ya ce, “Kai kuma wa ne kafilinka, ya Hajj?”

Gwadabe ya ce Allah. Askar ya ce wannan gaskiya ne, amma akwai takarda? Babu.

Ba a taɓa shi ba, har taimaka masa aka yi ya sauko don ƙafafunsa sun sage. Aka tasa shi gaba zuwa motar da ke bakin lungu, Barsu na biye yana numfashi da ƙyar. Bakin lungun kuwa babban titi ne, motoci ba sa tsayawa don mutum balle kare, kuma Gwadabe ya san da motar ta tashi Barsu zai bi ta. Ya ce masa koma. Bai koma ba. Ya daka masa tsawa, ya kaɗa jela. Sai ya sunkuya ya ɗauki guntun bulo, shi da bai taɓa ɗaga wa karen nan ko tsinke ba, ya jefe shi. Hannun ɗan maharbi ne, bai kuskure ba. Barsu ya tsaya cik a tsakiyar lungu yana kallonsa. Aka rufe ƙofar mota yana nan tsaye.

Sati uku ya yi a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar, sannan aka sauke shi a Kano da rigar da aka kama shi da ita da silifa. A ƙauyensu sai da ya faɗi sunan ubansa kafin a ba shi tabarma. Shekara biyu ya ƙara a duniya, aka binne shi a maƙabartar bayan gari, mutum goma sha huɗu suka sallace shi. Waɗanda suka zauna da shi sun ce bai ƙara ambaton Makka ba. Amma duk alhajin da ya dawo, ko daga wane gari ne, sai ya dogara sanda ya je yi masa barka, ya jira mutane su ragu, ya matsa kusa ya tambaya ko ya bi ta Sharafiyya, ko ya ga wani jan kare a can, kuma in ya gan shi, yana ɗingishi ne ko ya warke.