Modu da injin da ya ƙi tashi ana gobe aurena

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya daga unguwar Gomari a Maiduguri, wai Modu ya rasu.

Abokina Modu. Ina kuka, ina kuma kama kaina da dariya, domin shi ba a tuna shi da fuska a murtuke.

Bayan samun 'yancin kai na zo Maiduguri daga Zariya ban san kowa ba. Modu ya ja ni wurin injin niƙa na lantarki da yake kula da shi, ya raba abincinsa da ni, ya koya mini gaisuwar Barebari don kada surukai su raina ni.

Ana gobe ɗaurin aurena, dangin amarya suka kawo geron abincin biki gab da magariba. Lokacin ne gari ke kunna fitilu, wutar ta yi sanyi, ƙwan fitilar shagon niƙan ya koma ja. Wata gwaggon amarya mai gaggawa ta juye gero ta cika bakin injin tun ba a tayar ba, kamar yadda take cika turmi.

Aka kunna. Motar lantarkin da ke juya injin ta hau gurnani ta ƙi juyawa, har ƙauri ya fara tashi. In ta ƙone babu wani injin a unguwar, ga baƙi sun cika gida, ni kuma baƙo ne mai neman shiga.

Modu ya kashe da sauri. Ya ce in ƙarfin wuta ya ragu kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin juyin mota kusan kashi biyu yake zubewa, ita kuma sai ta yi ta zuƙar wuta tana zafi. Ya sa muka kwashe geron tas, ya jira ta huce, ya sassauta bel ɗin da ya haɗa ta da injin, ya tayar da ita ba kaya. Da ta ɗauki gudu ya ɗaure bel ɗin.

Ya dubi gwaggo ya ce, "Ya Falmata, da tafin hannu za ki ba ta, kamar mai jinya."

Gari ya fara zubowa! Mata suka ɗau guɗa, ni da Modu muka yi fari fat muna tsalle. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar inji irin na ranar ba.

Da azumin bana na je gaishe shi. Ya rame, amma bakin na nan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bazazzagi, jikokin nan naka ina da rabi, tunda ni na ceci auren, ka sani ko?"

Na sani, Modu.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a.