Ranar da Dannau Ya Fasa Jar Mota

Dannau ake ce masa a gareji, domin babu motar tseren da ke fita daga hannunsa sai ya bi kusurwoyinta ɗaya bayan ɗaya ya danne da ƙirji. In ta nutse ta taso ta tsaya cak, to ƙafarta ta yi. In ta yi ta rawa, ko ta ƙi motsi, sai ya koma ƙarƙashinta da sifana yana surfa zagi. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: gyaran ƙafar mota, wato sufirin, shokozoba, da sandar ƙarfen nan mai hana mota kwantawa gefe a kwana. Zuciyarsa a kusa take, amma motocinsa ba sa kifewa, shi ya sa direbobi ke shanye masifarsa.

Wanda ya kasa shanyewa shi ne ƙaninsa, Auta, direban jar motar da Dannau ya haɗa da hannunsa.

"Yaya, motar nan kwanciya take a kwana kamar mai gyangyaɗi. Ka ɗaure min ita tamau."

"In na ɗaure ta, me zai shanye gargadar da ke bayan kwanar ƙarshe? Ƙashin bayanka? Sama za ta yi da kai, sakarai!"

Magana ta yi zafi. Dannau ya wanke shi da mari, Auta ya rarumi sifana ya maka masa a haƙarƙari, har sai da aka ji ƙarar ƙashi. Dannau na kwance yana jinya, shi kuwa gogan ya cire sufirin ɗin ya sa masu tauri, ya sa aka yi wa sandar walda da ƙarfe mai kauri.

Ranar tsere Dannau ya zo filin da ƙirji a naɗe, yana tafiya a karkace. Auta na zaune a cikin jar motar, Dannau ya ratsa mutane ya kwanta a kan kusurwarta ya danna. Azaba ta sa ya ga duhu, mota kuwa ko gezau, sai ka ce dutse. Nan tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Auta, fito."

"Matsa, Yaya, ko wallahi in bi ta kanka!"

Inji na ruri. Dannau ya fizgi guduma daga akwatin wani bakanike ya zabga wa lagireto. Tafasasshen ruwa ya feso masa a hannuwa, fata ta saluɓe, bai fasa ba. Ya ƙara, ya ƙara, ya koma kan gilashi ya tarwatsa shi. Auta ya diro ya kayar da shi, ya hau ruwan cikinsa yana naushi, sai da ƙarti suka ɓamɓare shi. Haƙoran Dannau na gaba a filin suka zauna.

Har yau ba wanda ya san ko motar za ta kife ko ba za ta kife ba. Auta ya ce hassada ce, kuma tun daga ranar bai sake ce masa uffan ba. Yanzu ya yi furfura, yana da 'ya'ya. In ya hango Dannau a bakin gareji, sai ya ja hannun yaransa ya tsallaka titi.

Abin yana yi wa Dannau ciwo, ba ya ɓoyewa. Amma yakan ajiye sifana ya bi Auta da kallo, yana tsallakawa da ƙafafunsa biyu, har ya sha kwana.